Dutsen Bakin Rumbu

Ranar Alhamis ce, cikin bazara. Bayan asuba na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, Yaya Illa ya dafa shayi. Wana ne, fuka ta daɗe tana cinsa. Muna gardamar da muka saba. Na ce shayin Agadas ya fi nasa. Ya ce mutumin da ya yi yawo har Tema da Abijan bai kamata ya dawo yana kushe abin kyauta ba.

Da hantsi muka ji ƙarar babura daga kudu, ta wajen iyaka. Ba ranar kasuwa ba ce. Sai harbi. Wani ya ɗaga murya daga bakin rijiya: "Ku fita! Ku yi fadama!"

Mata suka ɗauki yara. Illa ya ɗan taka ya tsaya, ƙirjinsa na huci kamar zugazugi. Ya nuna rumbunmu.

Rumbun ƙasarmu Adar na laka ne, dogo, bakinsa a sama. Ana hawa da tsani, a ɗage hular ciyawa, a buɗe murfi. Geron da ke cikin namu ya yi rabi. Na tura shi ya hau, ya sauka bisa damman gero.

"Kai tahi da mata," in ji shi. "Shanu suke biɗa, ba hatsi ba."

Na mayar da murfi. Tun muna yara ubanmu ya koya mana, wanda ya rufe rumbu ya danne murfin da dutse, saboda iska da ɓera. Dutsen yana nan inda yake koyaushe. Na ɗora shi. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi aikinsa. Na mayar da hula, na jefar da tsani bayan danga.

Muka bi fadama. An riga an cire albasa, babu abin fakewa sai kwari. Muka kwanta cikin yashi. Ana jin kukan shanu, ana jin babura suna kewaya gari. Kafin azahar hayaƙi ya tashi. Na san unguwarmu ce. Matata Tsahara ta riƙe mini riga. Ban fizge ba.

Da la'asar muka kai babbar hanya. Wani mai kamyo, babbar motar kaya, ya kwashe mu zuwa Madawa. Aka sauke mu a farfajiyar wata lakwal, makarantar boko.

Washegari na koma tare da jandarmomi. Masu baburan sun ƙone dangogi da tarin kara da hulunan rumbuna. Laka ba ta ci wuta ba. Na nemo tsani na hau. Dutsen yana nan, da sauran ɗumi. Murfin ya goce kamar faɗin yatsa biyu, bai wuce haka ba.

Illa yana durƙushe, babu rai, bisa damman da ya tara don ya kai sama. Babu ƙuna a jikinsa, babu harsashi. Faratansa cike da laka. Jandarman da ke bayana ya leƙa, ya faɗi kalma ɗaya da Faransanci, ya sauka.

A Madawa akwai wata likita 'yar Gana cikin masu agaji. Da ta ji ina jin Ingilishi sai ta sa ni tafinta. Ta tambaye ni ko na rasa wani. Na ce wana. Ta ce ta yaya?

Na tsaya. Da Hausa sai in ce an shaƙe, kowa ya yi shiru. Ingilishin da na koya a tashar jiragen ruwa ba ya barin mutum haka. In an ce strangle, akwai hannu ko igiya a wuya. In an ce choke, abu ne ya tare maƙogwaro, ƙashi ko hayaƙi. In an ce suffocate, iska ce ta ƙare a wurin da aka rufe. Na taɓa jin ta ukun a Tema, ranar da aka fito da gawarwakin wasu daga cikin jirgi, sun ɓuya, an kulle a kansu. Ranar kowa yana tambayar wanda ya kulle.

Na ce mata choke. Na ce hayaƙi. Ta dafa mini kafaɗa, ta ce masu bindiga ne suka kashe shi, ba kowa ba. Na gyaɗa kai. Ba ta san rumbu ba. Ba ta tambayi yadda ake rufe shi ba.

Yanzu muna garin Buza wajen ɗiyata. Shanu sun tafi. Jakinmu ya dawo da kansa. Geron yana warin hayaƙi, amma Tsahara ta sussuke shi, muna ci. Da safe ni ke dafa shayi. Har yau kofi biyu nake wankewa.