A Wanke Shi Sosai

Nababa manomin gyaɗa ne a wani ƙauye kusa da Makoɗa, mutum mai son a san da shi ko a zaman makoki. A shekarar da taki ya gagari talaka, ya ƙudurta sai ya zama shugaban ƙungiyar manoma, don shugaba ke rabon takin tallafi. Abokin takararsa, Basiru, ya lilliƙa ƙananan fastoci. Nababa ya rantse tasa sai ta rufe bangon kasuwa.

Buhun irin gyaɗarsa ɗaya tak ya rage, ya ɗaure a babur ya sayar, matarsa Hure na ta faɗa. Ya nufi Bici wurin Uwaisu mai buga hotuna ɗauke da wani hoton biki da ya yi ta yawo a wayoyi. Shi ne na goma sha huɗu a layin baya, kansa bai kai ƙwayar wake ba.

"Baba, wannan ba zai yi ba," in ji Uwaisu. "Hoto ɗigo-ɗigo ne. Naka mudun gero ne: a faifai ya cika, a baza shi a masussuka sai ƙasa. A waya yana da kyau, in na ja shi ƙafa goma fashewa zai yi. Tsaya in ɗauke ka sabo."

Ina! A wancan hoton ne yake sanye da rigar aro mai aska tara.

"Kai dai wanke shi sosai, yaro. Kar ka yi mini rowar aiki."

Ranar kasuwa aka warware fastar leda. Ga hula, ga wani abu mai kama da tubalin da aka jera a gaggauce, amma ba ido ba hanci. Wata tsohuwa ta tambaya ko cigiya ake. Nababa ya ji kunya har cikin ƙashinsa, amma bai ga laifinsa ba. Tunda wanke hoto ake cewa, to wankin ne bai fita ba. Ya kai ta bakin rijiya da omo da soso, ya dirje ta a gaban jama'a har sunansa ma ya goge.

Ƙuri'a uku ya samu. Da damina ta sauka, Basiru ya aiko masa da rabonsa na taki cif-cif. Nababa ya tsaya da buhun a bakin gona, ba ko ƙwayar gyaɗa da zai shuka.