Garinmu Ɗaya Kawai

Shekaranjiya da hantsi aka yi ruwa a nan Greenbelt, a ƙasar Amurka. Da aka ɗauke na fito zan je tashar jirgi, sai hanya ta bi da ni ta inda ake haƙa harsashin wani gini. Sun tono jar ƙasa sun tara ta tsibi-tsibi, ruwa ya jiƙa ta. Ƙamshin nan ya tsayar da ni a bakin titi da jakata a hannu, har wata mata ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata lafiya lau. Ta yaya zan yi mata bayanin cewa ƙamshin ramin kuza ne na ji, na wani bariki a ƙasar Jos inda aka haife ni?

Idan ba ka taɓa ganin barikin kuza ba, ka ƙaddara layukan ɗakunan jinka a gindin tuddan ƙasar da aka tono, ga ramuka cike da koren ruwa, ga sanyin da ke fasa mana leɓe. Babana heluma ne, shi ke rarraba wa leburori aiki da safe. Ƙaninsa, Baffa, ma'auni yake riƙewa, shi ke auna abin da kowa ya tato. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma mahaifiyarsu, Kaka, tana tare da mu. Baba ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, Babba take ce masa.

Ban kai shekara goma ba lokacin da arziki ya shigo barikin. Akwai wani baƙin yashi mai nauyi da ake tacewa daga kuza a zubar, mu yara har wasan girki muke yi da shi. Kwatsam aka ce Amurkawa na nemansa ido rufe, wai da shi ake ƙera injin jiragen yaƙi, kuma suna tara shi ne don tsoron Rasha. Mata suka fita da ƙwarya suna kwashe juji. Baba ya rufa ɗakinsa da kwano, ya sayi keke mai ƙararrawa, Inna ta cika bango da tasoshi masu fure.

A nan na fara jin sunayen nan biyu, Amurka da Rasha. Da la'asar Baba da Baffa kan zauna a tabarma ɗaya a zaure, su ci tuwon acca a akushi ɗaya, sannan musu ya tashi. Baffa ya yi zama da ma'aikatan jirgin ƙasa a kudu, a can ya jiyo labarin. Yakan ce ƙasashen nan biyu tare suka yaƙi Jamus, da aka ci yaƙin sai suka raba ƙasar gida biyu, kowa ya shiga tara mabiya yana harare da ɗan'uwansa. Yakan ce a Rasha lebura ne mai rami, ba wani Bature da ke kwance a ƙetaren teku ba. Baba kuma ya ce shi abin da ya ji, a can ko akuya ba ka isa ka ce taka ce ba, kuma sun rufe masallatai. A cikinsu babu wanda ya taɓa ganin ɗan Rasha ko Ba'amurke da idonsa. Kaka tana kaɗi daga gefe, ita a tunaninta wasu 'yan'uwa ne ke rigimar gado, har takan tambaya ko ba su da manya a garinsu. Mu kuwa sai muka mayar da abin wasa. Mu hau tudun ƙasa mu rabu biyu, mu yi ta jifan juna da curin laka, kuma kullum ni a Rasha nake, don Baffa ne ke sayo mini alewa.

Yadda cinikin ya zo haka ya tafi. Wata damina aka ce Amurka ta tara abin da ya ishe ta. Aka fara sallamar mutane, aka rage lada. Baffa da wasu suka riƙa taruwa a bayan kasuwa suna maganar yajin aiki. A lokacin kalma ɗaya ta isa ta raba mutum da abincinsa: a ce masa ɗan kwaminis. Turawan kamfani suna tsoron kalmar nan fiye da yadda muke tsoron ramin da ya cika.

Ranar da abin ya faru da rana tsaka ne, an gama ruwa ke nan. Motar manaja ta tsaya a ƙofar gidanmu, abin da ba a taɓa yi ba. Manajan ya fito tare da tafinta da ɗan sanda ɗaya. Baffa yana tsaye a bakin zaure, ni ina bayansa da kwanon fura da aka aiko ni in kawo, Kaka kuma tana zaune daga ciki inda ta saba shan hantsi, tana jin komai. Baba ya fito da sauri ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a cikin laka. Ban taɓa ganinsa a durƙushe gaban kowa ba sai Kaka. Wannan mutum ne da in ya yi gyaran murya leburori ke miƙewa.

Tafinta ya ce manaja ya samu labari gidan heluma ne matattarar masu son Rasha. Ya nuna Baffa da baki, ya ce ana son a sani, wannan mene ne tsakaninku?

Baba bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ɗan'uwana ba ne. Garinmu ɗaya kawai, na ba shi masauki."

Na ji kamar an zare mini zane a tsakiyar kasuwa. Maƙwabta sun fito, kowa a layin nan ya san gaskiya, kowa ya sunkuyar da kai. Tafinta ma ya sani, don sai da ya ɗan yi jim kafin ya juya maganar. Sannan ya dubi Baffa ya tambaye shi ko haka ne. Ina ganin bayan wuyan Baffa, jijiya ta tashi. Ya ce, "Yadda ya faɗa haka ne. Baƙonsa ne ni, bai san inda nake zuwa ba."

Aka sa shi a mota. Baba ya tashi, gwiwoyin wandonsa jajaye da laka, ya wuce ni bai dube ni ba. Na koma ciki da furar yadda na fito da ita.

Kaka ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Da magariba aka kai mata tuwo ta ce a mayar. Baba ya je ya tsuguna a ƙofar ɗakinta yana bayani ƙasa-ƙasa, cewa da ya amsa da duka biyun za a kora, ga yara, ga ita kanta, ina za a kwana. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Na ji, Heluma." Daga ranar har ta bar duniya ba ta sake ce masa Babba ba. Sunan da leburori ke kiransa da shi, shi ta riƙe.

Bayan 'yan makonni aka saki Baffa, da sharaɗin kada a sake ganinsa a ƙasar kuza. Ya zo ya kwashi kayansa a buhu guda. Kaka ta ɗaure nata ƙunshin ta bi shi, ba ta yi shawara da kowa ba. Zariya suka nufa, inda ya koyi gyaran keke a bakin tasha. Ni kuma na daina hawa tudu. Yara sun samu waƙa, in na wuce sai su ce ga 'yar mai masauki.

Kada ka ɗauka Baba mugun mutum ne. Aikin nan da ya tsare shi ya kai ni makaranta a zamanin da ba a kai mata, shi ya sa na zama nas, shi ya kawo ni inda nake. Duk lomar da na ci tun daga lokacin ta bi ta ƙofar zauren nan, kuma na sani. Yana ƙaunata, ni ma ina ƙaunarsa, amma na yi shekaru ba na iya kallon idonsa in yana yi wa wani nasiha a kan zumunci.

Ina budurwa Kaka ta rasu. Muka je Zariya a motar itace. Baba ya ƙi shiga cikin dangi, ya samu ƙarshen tabarma cikin baƙi ya zauna. Ina leƙe ta zana na ga wani dattijon unguwa ya gaishe shi, ya juya ya tambayi Baffa wane ne wannan bawan Allah. Baffa ya taso ya kama hannun Baba, ya ce, "Yayana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi za ku yi wa gaisuwa kafin ni." Baba ya ja rawani ya rufe fuskarsa. Har ya rasu ban ji ya ɗaga zancen ba.

Yanzu ga ni a gefen babban birnin Amurka, inda aka yanke shawarar sayen baƙin yashin nan, aka kuma yanke shawarar dainawa. Nakan wuce ta gaban manyan gine-ginensu a bas, in yi tunanin waɗanda suka zauna a ciki ba su taɓa jin sunan barikinmu ba. Jikokina a nan aka haife su, in na yi musu Hausa, da Turanci suke amsa mini, kuma a makaranta an koya musu cewa yaƙin cacar baka yaƙi ne da manyan ƙasashen biyu ba su taɓa gwabzawa gaba da gaba ba. Ramukan barikinmu kuwa sun zama tafkuna, an ce har kifi ake kamawa.

Bara wani jikan Baffa ya zo karatu jami'a a College Park, nan kusa da mu. Duk Lahadi yakan hau jirgi ya zo ya ci tuwon shinkafa a wurina, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Wata rana yana wanke hannu ya ce, "Gwaggo, wai me ya raba kakanninmu, ɗaya Jos ɗaya Zariya? A gida ba wanda ke faɗa."

Na ce masa, "Amurka da Rasha."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Gwaggo akwai barkwanci. Baffa bai gaya wa 'ya'yansa ba, bai gaya wa jikokinsa ba. Na dubi yaron nan, na ƙara masa miya.