Sarkin Damina Ɗaya a Ƙasar Fir'auna

Kontagora zuwa Kano

Tun kafin kiran assalatu muka hau motar kaya, ni da Kawu Mamman, za mu aikin Hajji. Kawu ya taɓa yin dagaci a wani ƙauye kusa da Auna. An naɗa shi da bazara, kafin a ci sabuwar dawa ruwan madatsa ya cinye garin, jama'a suka watse. Tun daga nan 'yan kasuwar Kontagora suka laƙaba masa Sarkin Damina Ɗaya. Sunan nan ya ci masa rai, har ya daina zama a rumfa. Ni kuwa ba abin da nake so kamar in sake jin dariyarsa.

A Tegina 'yan sanda suka tsayar da mu. Direba ya leƙo ya ce, "A yi hanzari, da Sarkin Damina Ɗaya nake tafe!" Har muka kai Zariya, Kawu ko tsiren da na sayo bai taɓa ba.

Alƙahira

Hajji ya yi kyau, alhamdu lillahi. A dawowa jirginmu ya sauka Alƙahira don gyara, aka ajiye mu a wani masauki mai ba mu wake safe da yamma. Wani ɗalibi Bakano, Sani, ya ce zai kai mu gidan tarihi mu ga Fir'auna.

Kawu ya miƙe. "Mu je, yaro. Na daɗe ina tara masa yawu."

Shi a saninsa Fir'auna mutum ɗaya ne, na Annabi Musa. Duk gunkin da muka wuce sai ya yi a'uzu ya ce, "Shi ne wannan?"

Sani ya ce, "Baba Alhaji, ai sarauta ce, kamar a ce dagaci. Suna da yawa."

Can muka iske wani na itace, siriri, da hannuwa biyu a ɗage bisa kansa. Sani ya ce sunansa Hor, bai daɗe a kan mulki ba, ba a ma san abin da ya yi ba.

Kawu ya ce, "Bai kori annabi ba?"

"Ba a ji ba."

"Bai ƙone gari ba?"

"Ina ya samu lokaci, Baba?"

Kawu ya daɗe yana duban gunkin. Ya haɗiye yawunsa ya ce, "Bawan Allah. Kai ma ka ɗanɗana aka janye kwanon." Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Gida

Da hantsi muka sauka a tashar Kontagora. Wani mahauci ya ɗaga murya, "Sarkin Damina Ɗaya ya dawo!"

Kawu ya juya ya ce, "Na'am! Na ga ɗan'uwana a Masar, har yau layi ake yi a gaishe shi. Kai ka taɓa yin ko yayyafi ɗaya?"

Tasha ta kwashe da dariya, tasa ta fi ta kowa ƙarfi. Washegari ya shimfiɗa buzunsa a rumfa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Sani kuma, Allah ya ba da sa'ar karatu.