Janareton da Isidora ta zaɓa wa babanta

Babur ɗin babanta bai kai ga ɓacewa a filin tsere ba lokacin da Isidora ta sunkuya ta ɗauki bargon ɗumama taya don ta ninke shi. Ta saba idan an cire shi daga jikin taya sai ta riƙe shi ta gefe saboda zafi. Wannan karon ta damƙe shi da tafin hannu gaba ɗaya, ta ji shi da sanyi, kamar rigar da aka shanya a inuwa. Ta taɓa na tayar baya, shi ma haka. Janareto kuwa yana nan bayan motarsu yana ta ƙugi, jan fentinsa sabo fil yana sheƙi a rana. Tayar tsere ba ta da zane, zafi ne kaɗai yake sa ta kama kwalta, kuma babanta ya fita da sanyayyun tayoyi yana zaton sun gasu.

Babanta, Velibor Jeftic, mai faci ne. Shekara talatin da ɗaya yana da rumfa a bakin hanyar fita garin Kraljevo, inda direbobin manyan motoci ke tsayawa. Ba ya zuwa kallon ƙwallo, giyar rakija ma sai ranar biki yake kurɓa. Yana da shekara arba'in da bakwai ya sayi tsohon babur da aka shigo da shi daga Austiriya, daga nan sau huɗu a shekara yake rufe rumfa ya tafi filin tsere ranar da ake buɗe wa kowa. Ba gasa ake yi ba, babu kyauta. Mutum ya biya kuɗin shiga, ya zagaya minti ashirin, ya huta, ya koma. Matarsa Gordana ta daina faɗa tun shekara ta biyu, sai dai ta naɗe masa burek, gurasa mai nama a ciki, a takarda ta juya baya.

Shekara bakwai yana roƙon wuta. Yakan ja wayar wutarsa zuwa rumfar maƙwabci a filin, ya ce a taimaka ya jona bargunansa. Bara wani likitan haƙori, Dokta Lazar, mai janareto irin wanda ba a jin motsinsa, ya ce masa a gaban mutane, "Velibor, shekara nawa za ka yi kana shan nonon injina? Ai ka isa yaye." Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma bai ƙara jan waya zuwa can ba.

Da Isidora ta karɓi digirinta na injiniyan lantarki a watan Yuni, aikin farko da ta samu a duniya shi ne zaɓo wa babanta janareto. Ya ce kada ta wuce dinari dubu talatin. Ta yi kwana uku tana duba shaguna. Ta san ƙaryar da ake bugawa a kwali: an rubuta wat dubu biyu da manyan lambobi, a ƙasa kuma, da rubutun da sai an kanne ido, an ce dubu ɗaya da ɗari shida ne zai iya ɗauka na tsawon lokaci. Barguna biyu suna cin dubu ɗaya da ɗari biyu. Ya isa, in dai su kaɗai ne. Ta faɗa masa sau uku.

"Baba, barguna kawai. Ko cajar waya kada ka jona."

"Na ji, Injiniya. In yi masa ɗaki ne, ko zai kwana tsakanina da uwarki?"

Abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne gahawa. A filin, wanda yake da janareto shi ke da gida, mai gida kuwa shi ke dafa wa baƙi gahawa. Velibor ya yi shekara bakwai yana shan ta wasu. A safiyar nan, Isidora tana can tana karɓo masa lambar shiga, amininsa Milisav ya fito da rishon lantarki daga jaka ya jona a soket na biyu. Aka ɗora tukunya, aka kira har da Dokta Lazar. Tukunyar farko ta tafasa. A ta biyu makunnin kariya ya yanke wuta, injin ya ci gaba da ƙararsa kamar ba abin da ya faru. Milisav ya ce rishon ne ya tsufa, ya ture shi gefe. 'Yar fitilar jikin bargon ba a ganinta cikin hasken rana.

Kullum kafin Velibor ya hau sai ya sa hannu a ƙarfen tsakiyar taya. Yakan ce roba tana ruɗin mutum, amma in ƙarfe ya yi ɗumi to zafi ya ratsa. Ya koya wa rabin mutanen filin wannan. Yau yana tsaye yana yi wa Dokta Lazar bayanin janaretonsa aka kira rukuninsu a lasifika. Ya zura safar hannu, ya kifa hular kwano, Milisav ya yaye barguna, ya fita.

Isidora ta ruga wajen mai tsaron ƙofa tana ihu a tsayar da lamba arba'in da ɗaya. Mutumin bai gama ɗaga rediyonsa ba aka ɗaga jar tuta, alamar an yi haɗari. A kwana ta uku ne, inda ake kwantar da babur hagu. Tayar gaba ta zame, ya tafi yana mirginawa har cikin tsakuwa, babur ɗin ya biyo shi. An ɗauke shi bai san inda kansa yake ba.

Ba a bar ta ta shiga motar asibiti ba, sai ta dawo rumfa neman makullin motarsu. Ta tarar da maza shida sun kewaye janareton. Ɗaya ya durƙusa yana karanta jikinsa.

"Na faɗa, irin waɗannan na kunna fitilar kaji ne."

"Kai rufa mana baki, naka ma ba daga shago ɗaya ba ne?"

Dokta Lazar ya ce, "Da ya ƙara dubu ashirin kawai, da ya sayi na kirki. Tsumulmula ce, wallahi."

Wani yana tambaya ko za a mayar musu da mintunan da jar tuta ta cinye. Wani yana cin burek ɗin da Gordana ta naɗe. Duk cikinsu babu wanda bai sha gahawar ba, ga kofunan nan a jere a kan akwatin kayan aiki da guntun baƙin gari a gindinsu.

Ta ɗaga fulogin rishon. "Kawu Milisav, wa ya jona wannan?"

"Haba 'yata, gahawa ce fa. Gahawa kawai."

"Na ce wa ya jona?"

"Babanki da bakinsa ya ce yau shi ne mai gida." Ya kasa kallonta. "Ki bari in tuƙa ki."

Ba ta bari ba. A hanya ta yi ta tsine musu, sannan ta juya kan kanta. Akwai wani babban janareto a shago na biyu, da ta matsa wa babanta da ya saya. Ko da tef ne, da ta liƙe soket na biyun. Ta san abokan babanta tun tana yarinya, ta san ba sa zama wuri babu tukunya a wuta, amma ta zauna da takarda da biro ta lissafa barguna biyu kamar a ɗakin jarrabawa.

Kwana biyu ke nan. Ƙashin kafaɗa da haƙarƙari huɗu sun karye, likita ta ce waɗannan za su haɗe. Kan ne ya kumbura ta ciki, sun bar shi cikin barcin magani. Milisav ya kawo babur da janareton gida, ya ajiye a bakin rumfar faci, ya tsaya a ƙofa da hularsa a hannu, Gordana ba ta ce ya shigo ba. Isidora ta rufe janareton da buhu don kada ta riƙa ganinsa.

Yau da safe an sake ɗaukar hoton kansa. Likitar ta ce idan kumburin ya sauka za su fara janye maganin su ga ko zai farka, ya gane mutane. Isidora da uwarta suna zaune a benci a hawa na biyu tun ƙarfe goma. Yanzu ƙarfe uku saura, ba wanda ya fito ya kira su.