Koro Eru, Wanda Ya Hana Ni Janye Ƙafa

Kafin ya taɓa butar shayinsa, Koro Eru sai ya gaisa da kogi. Shekara talatin da takwas ke nan, kowace safiya zai gangaro mashigi da takalman roba, ya ɗebi ruwa ya shafa a goshi, ya yi 'yar addu'arsa ƙasa-ƙasa. Daga nan ya shiga ruwa, ya zura hannu ƙarƙashin jirgi yana laluben ragar ƙarfen da inji ke zuƙar ruwa ta cikinta. Ba ya murza makulli sai ya tura jirgin zuwa inda ruwa ya kai masa gwiwa, don injin da aka tayar a gaɓa tsakuwa yake haɗiya. Idan inji ya ɗauka, ya saurare shi ido a rufe, sannan ya loda wasiƙu da tukwanen gas da maganin tumaki.

Mu da ke zaune can saman kogin Whanganui, inda titi bai kai ba, Erueti Paranihi shi ne titinmu. Kowa Koro yake ce masa, wato kaka, har waɗanda suka girme shi. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don ido ya fara gaza masa. Tun da na ji labarin hankalina bai kwanta ba, kuma ba zan ɓoye ba, tsoro nake ji.

Duk wanda ya zauna kusa da shi ya sha karatu ɗaya. Jirgin nan ba shi da abin karkatawa sai ruwan da yake fesowa ta baya. In feshi ya tsaya, sitiyari ya zama faifai a hannunka, juya shi duk yadda ka ga dama. Shi ya sa direban mota ya fi kowa haɗari a kogi, don da ya tsorata sai ya janye ƙafa daga totur. Callum Strachan, makiyayin da ke ƙetarenmu, har yau yana ba da labarin yadda injinsa ya yi wata guda yana mutuwa a tsakiyar ruwa, ya sauya fulogi sau uku a banza. Koro ya tsiyayi man a kwalbar zuma, ya ɗaga ta a rana, ga ruwa kwance a ƙasa. Bai ce masa komai ba sai, "Shayi kake ba shi, Callum, ka manta sukari."

Nawa labarin ba na dariya ba ne. Shekara tara da suka wuce, washegarin wata ambaliya, mijina Anaru yana duba akwatunan zumarmu sai ɗaya ya kife masa. Ƙudan zuma sun sha harbinsa ba abin da ya same shi, amma ran nan kafin ya iso gida leɓɓansa sun kumbura, numfashi na fita da ƙyar. Na caka masa allurar gaggawa guda ɗaya da muke da ita. Na kira ta rediyo, aka ce hazo ya rufe kwarin, jirgin sama ba zai iya sauka ba, amma motar asibiti za ta jira mu a inda titi ya fara. Tafiyar minti arba'in ce, kuma ba wanda ya san ko allurar za ta riƙe shi haka.

Koro ya ji kiran, ya juyo da kayan mutane a jirgi. Muka kwantar da Anaru a kan buhunan wasiƙu. Kogi ya yi ja, saman ruwa cike da itace da dutsen goge kaushi, irin mai sauƙin nan da ambaliya ke kwasowa daga tsaunuka yana yawo kamar kumfa. Mun ci rabin hanya ke nan, dab da matsin da babban dutse ya raba ruwa biyu, sai inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Ban taɓa jin shiru mai muni kamar wannan ba, don a cikinsa ne na ji yadda maƙogwaron mijina ke fito.

Jirgi ya fara juyawa a gicce, ruwa na jan mu zuwa dutsen. Ni da na zaci zai hau murza makulli, sai na ga ya tashi daga kujera. Ya ce wani abu ne ya maƙale a farfela, murzawa batir kawai za ta cinye.

"Zauna nan, 'yata. Hannuna zai shiga cikin farfela. In kika taɓa makullin nan kafin in ce, da dungu zan koma gida."

Na ce masa ban taɓa tuƙa jirgi ba. Ya ce ai yau zan taɓa. Ya durƙusa a baya, ya kwance murfin farfela, ya zura hannu har kafaɗa. Ina kallon dutse yana girma, yatsuna a gefen makulli. Ya fiddo tsakuwa, ya fiddo ciyawa, can ya fisgo wani guntun reshe, jini na bin hannunsa. Ya ɗaure murfin a natse, kamar mai rufe tukunya.

"Yanzu."

Na murza, inji ya yi gurnani ya ƙi. Ya ce in saki, in ƙirga biyar. Biyar ɗin nan ta fi mini shekara tsawo. Na sake murzawa, ya ɗauka. Na taka, jirgi ya zabura, kuma hancinsa dutsen yake kallo. Nan na yi abin da shekara ashirin na tuƙin mota suka koya mini, na janye ƙafata na juya sitiyari hagu. Jirgi bai ko gezau ba, ya ci gaba da nufar dutse.

"Taka, Ripeka! Taka har ƙasa!"

Sau ɗaya ke nan na ji ya ɗaga murya a rayuwata. Na taka ina kuka. Gindin jirgi ya wulwula, muka wuce dutsen har ina ganin gansakukar jikinsa. Koro ya karɓi sitiyari da hannu ɗaya. Da muka isa inda titi ya fara Anaru ya daina amsa sunansa, ma'aikatan motar asibiti suka ce da mun ƙara minti biyar da sai dai wani labarin.

Kai ne ka yi wannan, Koro, ba ni ba, komai musun da za ka yi. Kai ne ka miƙa hannunka ga makullin da ke hannun mace a ruɗe, don ba ka ga wata hanya ba. Gwanin kogi, mai kunnen inji. Kai ne kuma ba ka bar ni na huta ba, shekara tara kana kirana Janye-Ƙafa a gaban jama'a, kana sa ni kashe inji a tsakiyar ruwa kowace Lahadi in sake tayarwa, har hannuna ya saba. Kowa ka gayyata wannan karatu, mu uku kawai muka jure.

Abin da ke damuna ke nan. Gida goma sha ɗaya ne a saman kogin nan, kuma mafi yawanmu mun saki baki muna jiran tsoho ɗaya ya zo ya cece mu. Maƙwabta, ku zo ranar Lahadi tun yana iya zama a jirgi. Ku bar shi ya yi muku tsiya, ku koyi laluben raga, ku koyi ƙirga biyar. Wanda ya iya kuma ya koya wa na kusa da shi, kamar yadda shi ya yi.

Mun gode, Koro. Anaru ya aiko maka da zumar bana, ya ce ba ta shiga tankin mai ba ce. Jiya da na kai masa kwalbar, ya juya ta a hannu, sannan ya laluba aljihu ya ɗora mini makullin jirgi a tafi. Na ce masa har yanzu ina tsoron dutsen nan.

Ya ce, "Ni ma, Ripeka. Shekara talatin da takwas. Ƙafa ce kawai ban taɓa bari ta sani ba."