Gaisuwar da Ta Ci Gwiwar Autanmu

Abubuwa da yawa sun same ni a ƙasar nan sun wuce har na manta da su, amma ranar da Kawu ya zo duba autanmu a gidana da ke Largo, kusa da birnin Washington, ko tsufa ya kwashe mini komai ba na jin zai iya kwashe ta. Shekaru sun ja, har yanzu in na rufe ido ina ganin hasken hantsin ranar kwance a kan kafet ɗin falona.

Autan namu ɗan ƙwallon ƙafa ne, ba irin na bayan layi ba, da ita yake ci yake sha. Wani kulob na nan Amurka ya ɗauko shi daga gida, ya buga musu kaka uku, a ta huɗu guringuntsin gwiwarsa ta dama ya lalace. An yi aiki, gwiwa ta ƙi. Kulob suka ce za su jira shi shekara guda, in bai dawo fili ba sai dai haƙuri. Ni ce yayarsa, ni kaɗai gare shi a ƙasar, sai ya tattaro ya dawo wurina.

Likitan kulob ne ya haɗa shi da wani asibiti a Washington inda ake gwajin sabon magani. Wata likita doguwa mai sanyin murya ta zaunar da mu ta yi bayani. Ta ce a cikin ɓargon mutum akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zama komai ba, suna nan dai suna jira. Za a zuƙo su daga ƙashin ƙugunsa, a tace, a zuba a gwiwar, da fatan su taimaka wurin ya farfaɗo. Sau uku tana maimaita mana cewa gwaji ne, ba alkawari ba. Sharaɗinta guda ɗaya ne: mako shida ba lanƙwasa gwiwar, ba ɗora mata nauyi.

Ni dai kalmar gwaji ta bayan kunnena ta bi ta wuce. Ƙwayoyin nan masu jira su suka zauna mini a rai. Sanyi ya tafi a lokacin, itatuwa sun yi fure, in na shiga jirgin ƙasa na Metro zuwa aiki sai in jingina kaina da taga in tafi wata duniya. In gan su ƙanana, farare, suna taruwa a cikin duhun gwiwar suna shawarar abin da za su zama. Daga nan in gan shi a fili, ciyawa shar, yana gudu ba sauti, rigarsa na kaɗawa. Sau biyu ina wuce tashar da zan sauka.

Shi ma bai fi ni hankali ba. Bayan an zuba masa ƙwayoyin, yana kwance a doguwar kujera, ƙafar ɗaure cikin wani abu mai ƙarafa, sai in ji shi yana yi wa gwiwar magana ƙasa-ƙasa. In na yi dariya ya ce, "Yaya, rage murya don Allah, ma'aikata na kan aiki." Sallah a zaune yake yi, banɗaki da sanduna yake zuwa. Yaron da ba ya iya minti biyar wuri ɗaya, ya kwana goma sha biyu bai saɓa ko da wasa ba.

Kawu yayan mahaifiyarmu ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba. A gidansa ba a gaishe da babba a tsaye, kuma ni ce 'yar sandan wannan doka. Tun auta yana ɗan mitsitsi, harara ɗaya nake yi masa ya zube ƙasa. Kawu ya zo bikin kammala karatun ɗansa a jami'ar da ke College Park, nan kusa da mu, ya bugo mini waya ya ce gobe zai shigo dubiya. A gida ciwon ƙafa kawai suka sani, don ba mu so hankalin Mama ya tashi. Maganar tana bakina, in ce Kawu, likita ta hana shi durƙusawa. Sai na ji nauyi. Yaya za ka ce wa wanda ya raine ka kada ya sa ran gaisuwa? Na ce Allah ya kawo shi lafiya, na ajiye waya.

Ya zo da wuri, ya riga lokacin da ya faɗa. Auta ya kwance ƙarafan nan ke nan don ƙafar ta sha iska, sai ga sallama. Kawu ya shigo da babbar riga da ƙamshin turarensa na tun muna yara, nan take falon ya koma mini zauren gidansa. Na durƙusa. Na waiga na ga auta a kishingiɗe, ƙafa miƙe tana kallon Kawu. Wallahi ban yi tunani ba, idona ne ya yi aikinsa na shekara da shekaru. Na harare shi.

Ya dube ni, ya dubi gwiwar. Sai ya zamo daga kujerar a hankali ya kai gwiwoyinsa biyu ƙasa.

Wanda ya san gaisuwar dattawanmu ya san ba a hanzarta ta. Kawu ya tambayi jiki, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyin ƙasar, ya isar da gaisuwar Mama da ta kowa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya dafa kansa ya shiga addu'a, kuma duk addu'ar a kan gwiwar nan take. Ina cewa amin, ina kallon zufa na gangarowa ta bayan kunnen auta. Komai ya yi mini nisa kamar a mafarki.

Da aka shafa, Kawu ya zauna ya ce, "To auta, me likitan ya ce?"

Auta ya yi murmushin ƙarfin hali. "Cewa ta yi kada in lanƙwasa ta, Kawu."

Ban taɓa ganin tsohon nan ya tashi da sauri irin na ranar ba. Shi da kansa ya ciccibe shi ya mayar kan kujera. Ya juyo gare ni. "Ke kin sani?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Haba 'yar nan. Ubangijin da ya halicce shi ya yarda ya yi masa sallah a zaune, sai ni?"

Kafin la'asar gwiwar ta kumbura suntum. Washegari a asibiti likitar ta tambaya ko faɗuwa ya yi. Na ce a'a, gaisuwa ya yi. Ta ɗaga kai daga takardarta ta ce, "Da gwiwa?" Na ce e, haka muke gaishe da manya. Bayan an ɗauki hoto ta gaya mana gaskiya: ba za ta iya cewa durƙuson ne ya ɓata aikin ba, ba kuma za ta iya cewa ba shi ba ne. Maganin gwaji ne, wataƙila da ma ba zai kama ba.

Shekarar ta cika, auta bai koma fili ba. Yanzu yana horar da wata ƙungiyar makaranta, yana da iyalinsa, yana ɗan ɗingishi in sanyi ya shigo. Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Sau ɗaya na tayar da maganar, ya ce, "Yaya, ko ba ki kalle ni ba, da kyar in iya zama." Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko lallashina yake yi, kuma wannan rashin sanin shi ne ya fi ci mini rai.

Abin da na koya shi ne, kunyar da za ta hana ka gaya wa babba gaskiya ba ladabi ba ce, tsoro ne. Na ji tsoron ɓacin ran da Kawu bai ma da shi, na yi masa zaton zai fifita gaisuwa a kan lafiyar ɗansa. Magana ɗaya ce a waya da ba za ta ci minti guda ba, na haɗiye ta, ƙanena ya biya.