Tabarmar Baƙon Madawa

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Madawa ya san kakana Nomau. Ko bai riƙe sunansa ba, ya riƙe tambayarsa. Mota na tsayawa, kafin fasinja ya gama miƙe ƙafa, sai ya ga tsoho a gabansa da tabarma naɗe a hammata: "Sannu da hanya! Madawa kaz zaka, ko wucewa kaka yi?" Ni kuwa ina gefe ina zuba wa mutane shinkafa da wake, kunya kamar in nutse. Kowa wucewa yake, daga Yamai zuwa Maraɗi ko Damagaram. Salla da ciki ke tsayar da su, direba ya danna oda su watse.

Wannan abu ya tsaya masa a rai. Tabarmar nan ta farar kaba ce mai zanen ja da baƙi, ya ɗaure ta da igiyar fata, ya rantse ba za a shimfiɗa ta ba sai ga wanda ya baro gidansa don ganin Madawa kawai. Shi kansa a kan tsohon buhun albasa yake zama.

Na sha tsokanarsa: "Haba angona, wa za shi baro gidanai shi taho kallon albasa?"

Sai ya harare ni. "Ke amarya, tukunya kaɗai kis sani. Da albasagga ta Turai ce, da kin ga hotonta bisa kalanda!"

Akwai wani fasinja, Malam Lawali, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram. Shi ne ya yi kuskuren cewa, "Baba, me ke akwai a garin naku?" Wayyo! Kaka ya cafke hannunsa. "Taho, minti biyar." Ya kai shi lambunan fadama, ya leƙa da shi cikin rudu inda ake ajiye albasa, ya zaunar da shi wurin mata masu saƙar kaba. Suna dawowa, mota ta daɗe da tashi, da jakar mutum a ciki. Malam ya ɗora hannu a ka. Kaka ko a jikinsa: "Jikka tat tahi Maraɗi, ita tas sani. Kai dai ka ga Madawa." A gidanmu ya kwana, aka yanka masa zabo. Amma da na yi wa Kaka raɗa ko in kwance tabarma, sai ya ce, "A'a! Wanga tsautsayi yab bar muna shi."

Haka ya yi wa wani Alhajin Gana mai zuwa da kamiyo, babbar motar kaya, duk shekara. Kaka ya ce albasa ta kawo shi, sai ya zauna a kan buhunta. Wata rana kuma aka turo wani ma'aikaci daga ofishin magajin gari, wai babban baƙo na tafe daga Yamai, a ara musu tabarmar a yi masa shimfiɗa.

Kaka ya ce, "Shi yaz zaka don kainai, ko aiko shi anka yi?"

"Aiki na, Baba, misiyo, gwamnati tat turo shi."

"To wanda anka aiko ba baƙo na ba, saƙo na. Ku ba shi kujera."

Abin da ya fi ba ni dariya, ba wanda ya kai shi iya yabon garuruwan maƙwabtanmu: duwatsun Buza da itatuwan da matan Keita suka dasa a kan tsauni. In yana ba da labari sai ka rantse da shi aka dasa itatuwan. Alhali ƙafarsa ba ta taɓa taka Keita ba! Da ɗan'uwansa ya aurar da ɗiya a Buza, har mota aka kawo ƙofar gida, ya ƙi shiga. Na ce, "Tsoho, kwana guda fa!" Ya ce, "In nit tahi, baƙon yaz zaka, wa za shi tarbe shi? Ke? Ki cika mai ciki da wake shi wuce?" A lokacin dariya muka yi. Daga baya na gane da gaske yake tsoro, kada mutumin da ya yi shekara da shekaru yana jiran zuwansa ya zo ya tarar ba kowa.

Da ciwo ya kwantar da shi, ni ya ba tabarmar, ya ce in riƙa zuwa da ita tasha. Na jingine ta bayan tukwanena, har ya rasu ba a kwance ta ba.

Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki, sai ga wani mai furfura ya sauko da matarsa da 'ya'ya uku, ya sa aka sauke musu kaya. Malam Lawali ne. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Madawa kaz zaka, ko wucewa kaka yi?" ba.

Ya yi dariya. "Nan muka zo. Yaran nan sun ishe ni, sai sun ga tsohon da ya raba ni da jakata. Ina Baba?"

Na faɗa masa. Ya yi masa addu'a, sannan ya ce ko da akwai mai kai su lambu.

Na san da Kaka na nan sai ya yi gardama, ya ce wannan wurin mutum ya zo, ba wurin gari ba. Ni dai na kwance igiyar. Tabarma ta daɗe a naɗe har ta ƙi kwanciya, ka danne nan can ya tashi, taurin kai irin na mai ita. Sai da yaran suka zauna a kusurwa uku, ni na danne ta huɗu, ina dariya hawaye na zuba.

Allah Ya jiƙan Kaka Nomau, Ya yafe masa motocin da ya sa suka bar mutane. Ya Allah, shi bai taɓa barin baƙo a tsaye ba. Yanzu ga shi baƙonKa, kuma ba wucewa yake ba. Ka yi masa shimfiɗa mai kyau. Amin.